Allurar da ke farfaɗo da wanda tramol ya kwantar, da ƙwayar da ake cewa tana toshe daɗin maye

Tambaya: Wani ɗan'uwa daga Agege ya rubuto cewa ƙanensa, wanda ke dako a kasuwar Mile 12, ya haɗa tramol da rochi, wata ƙwayar sa barci, ya sha, aka tarar da shi kwance ba ya motsi. A asibiti aka yi masa wata allura, kafin minti uku ya buɗe ido yana masifa, amma likita ya hana a tafi da shi gida, kuma bayan kamar awa ɗaya ya sake sumewa sai da aka ƙara masa. Yana tambaya wace allura ce, me ya sa aikinta bai daɗe ba, kuma ko zai iya sayen ƙwayar da aka ce tana toshe daɗin maye ya riƙa zuba wa yaron a abinci ba tare da ya sani ba.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba shi lafiya, ya raba shi da wannan jarabar. Allurar da aka yi masa sunanta nalokson, a jikin kwalbarta za ka ga an rubuta naloxone. Ƙwayar da aka ba ka labari kuma naltirekson ce. Dangi ɗaya ne, amma aikinsu ya bambanta, kuma tun kafin in yi nisa ina roƙonka kada ka zuba masa ta biyun a ɓoye. Za ka iya jefa shi cikin wahalar da ta fi wadda yake ciki. Dalilin zai fito idan ka fahimci yadda waɗannan magunguna ke aiki a jiki.

Tramol, kodin, mofin, hiroyin, fetidin, penta, metadon da fentanil duk gida ɗaya ne, ana kiransu dangin ofiyom. Wasu daga ƙaron wani tsiro mai fure ake samo su, kamar mofin da kodin, wasu kuma a masana'anta ake haɗa su daga farko har ƙarshe. Abin da ya tara su shi ne wurin da suke sauka a jiki. A jikin ƙwayoyin jijiya akwai wasu mazaunai da Allah ya halitta, ka ɗauke su kamar kwaɗo mai jiran ɗan makulli. Masana sun tabbatar da su a 1973, sannan a 1975 aka gano a birnin Abadin na Sikotland cewa jiki da kansa yana ƙera 'ya'yan makullin da ke buɗe su, dangin sinadarin da ake kira endofin, wanda ke rage raɗaɗi idan mutum ya ji rauni ko ya gaji. Kwaɗon iri uku ne manya: miyu, kafa da delta. Wanda ya fi shafar maganarmu shi ne miyu.

Idan magani ya buɗe kwaɗon miyu, ƙwayar jijiyar takan yi sanyi, ta rage aika saƙo. Abin da zai faru ya danganta da inda jijiyar take. A laka da ƙwaƙwalwa, saƙon zafi ne ke raguwa. A cibiyar jin daɗi, sinadarin dofamin ne ke ƙaruwa, mutum ya ji kamar ba shi da wata damuwa a duniya. A hanji motsi ke tsayawa, bayan gida ya yi tauri. A ido, ɗigon baƙin da ke tsakiya ya tsuke kamar kan allura. Sai wuri na ƙarshe, wanda shi ne ke kisa: gindin ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa numfashi.

Mutum ba ya tunawa da numfashi yana barci, saboda akwai cibiyar da ke auna gurɓatacciyar iskar da ta taru a jini, da ta yi yawa sai ta umarci ƙirji ya ja sabuwa. Dangin ofiyom suna dakushe wannan ma'aunin. Gurɓatacciyar iska tana taruwa, cibiyar ba ta ji. Babban mutum mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Wanda maganin ya yi wa yawa sai ya koma 8, ya koma 5, da dogon tsaiko a tsakani, leɓe da farce su yi duhu. Zuciya tana nan tana bugawa har sai rashin iska ya tsayar da ita, ƙwaƙwalwa kuwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu iska. Abin da ya fi cutar da mutanenmu shi ne wannan yanayin yana kama da barci mai nauyi. Abokan ɗaki su ji minshari mai gurnani su ce a ƙyale shi ya huce, alhali wannan minsharin alamar maƙogwaro ne ke rufewa.

Rochi da diyazifam da giya ba dangin ofiyom ba ne, ta wata ƙofa daban suke kwantar da ƙwaƙwalwa, amma su ma suna danne numfashi. Idan aka haɗa su da tramol ko kodin, adadin da shi kaɗai ba zai kashe ba sai ya zama ajali. Abin da ya sami ƙanenka ke nan.

Tramol da kodin suna buƙatar bayani na musamman, domin su ne suka fi yawo a hannun matasanmu daga Agege zuwa Alaba Rago da garejin manyan motoci na Apapa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 4.6 a Najeriya sun sha magungunan asibiti na wannan dangin ba bisa umarnin likita ba, mafi yawa tramol.

Kodin shi kansa ba shi da ƙarfin buɗe kwaɗon. Sai ya je hanta, wani sinadari mai suna CYP2D6 ya juya kashi 5 zuwa 10 cikin 100 nasa ya zama mofin, sannan ya yi aiki. Wannan sinadarin gado ne, kuma ba ɗaya yake a jikin kowa ba. Akwai wanda nasa ba ya aiki, kodin ba zai rage masa ciwo ba. Akwai wanda nasa ke gudu fiye da ƙima, ɗan kaɗan sai ya cika masa jini da mofin. Shi ya sa abokai biyu za su raba kwalba ɗaya, ɗaya ya tashi ɗaya ya kwanta dama, kuma shi ya sa aka hana ba yaran da ba su kai shekara 12 ba da masu shayarwa kodin. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta ƙerawa da shigo da maganin tari mai kodin.

Tramol, wanda aka fara sayarwa a Jamus a 1977, fuska biyu gare shi. Hanta tana juya shi ta hannun wannan sinadarin na CYP2D6 ya zama abin da ke buɗe kwaɗon miyu. A lokaci guda kuma yana tara sinadaran serotonin da noradirenalin a ƙwaƙwalwa, kamar yadda wasu magungunan ciwon damuwa ke yi. Wannan fuska ta biyu ita ke sa ɗan dako ko direba ya ji kamar ƙarfi ya zo masa, kuma ita ke jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ga wanda bai taɓa yin farfaɗiya ba. Iyakar abin da likita zai ba babban mutum a yini shi ne miligiram 400, a rarrabe. Hukumar NAFDAC ta amince da mai miligiram 50 da 100 ne kawai. Wanda Kwastam da NDLEA ke kamawa a tashoshin Apapa da Tin Can kuwa mai 200 ne, da 225, da 250. Ƙwaya biyu ta mai 225 ta riga ta wuce iyakar yini. Kuma ba kullum abin da aka rubuta a kwali ne ke ciki ba. Akwai masu kama da tramol waɗanda a zahiri haɗin tafentadol ne da wani maganin sassauta tsoka mai sa barci, haɗin da Indiya ta haramta ƙerawa a 2025.

Yanzu mu zo kan nalokson. An ƙirƙiro ta a Amurka, aka yi rajistarta a 1961, aka amince da amfani da ita a 1971. Siffarta ta yi kama da ta mofin, don haka tana shiga kwaɗon miyu daidai, amma ba ta juyawa. Kuma ta fi tramol da kodin da mofin riƙe kwaɗon, sai ta ture su ta zauna. Ba ta kashe ƙwayar da ke jini, ba ta wanke ta, wuri kawai take ƙwacewa. Idan aka yi wa wanda bai sha komai ba, kusan babu abin da zai ji, ba ta sa maye kuma ba a kamuwa da ita.

Wadda aka fi samu a asibitocinmu ita ce 'yar kwalba mai miligiram 0.4 a cikin mililita 1. Ta jijiya tana fara aiki cikin minti 1 zuwa 2, ta tsoka, a cinya ko dantse, minti 2 zuwa 5. Akwai ta feshi a hanci mai miligiram 4. Ba a haɗiye ta, saboda hanta na cinye kusan dukkanta kafin ta kai jini. Ga babba wanda numfashinsa ke tsayawa ana ba da miligiram 0.4 zuwa 2, a sake bayan kowane minti 2 zuwa 3 idan bai amsa ba. In an kai jimillar miligiram 10 babu canji, to likita ya nemi wani dalili: ƙarancin suga a jini, rauni a kai, shanyewar ɓarin jiki, ko wata guba daban.

Dalilin da ya sa yaron ya sake sumewa lissafi ne mai sauƙi. Aikin nalokson yana ƙarewa tsakanin minti 30 zuwa 90. Tramol kuwa sai ya yi kusan awa 6 kafin rabinsa ya bar jini, kuma idan an sha da yawa hanji na ci gaba da tsotsar sauran, tunda maganin da kansa ya rage motsin hanjin. Da nalokson ta sauka daga kwaɗon, wanda aka tura gefe yana nan yana jira, sai ya koma wurinsa. Likitan da ya hana ku tafiya ya yi daidai, ya ceci ran yaron karo na biyu. Idan sumar tana dawowa akai-akai, akan sa nalokson a cikin ƙarin ruwa, ana ba da kamar kashi biyu cikin uku na adadin da ya farkar da shi a kowace awa. Wanda ya sha metadon ko ƙwaya mai narkewa a hankali yana iya buƙatar sa ido na yini guda ko fiye.

Masifar da ya tashi da ita ma tana da bayani. Jikin da ya saba da ƙwaya, idan aka ƙwace masa ita a daƙiƙa ɗaya, sai ya faɗa ciwon rashinta gaba ɗaya: amai, gumi, ciwon gaɓɓai, bugun zuciya da fushi. Saboda haka ƙwararru a asibiti, idan mutum yana ɗan numfashi kuma ana taimaka masa da iska, sukan tsarma kwalba ɗaya da ruwan allura ta cika mililita 10, su riƙa tura mililita 1 zuwa 2 a hankali. Abin da ake nema numfashi ya dawo sama da 12 a minti, ba lallai ya tashi zaune yana magana ba. Amma a gida ko a gareji, inda babu na'ura, ba a tsayawa wannan lissafin, a ba da kwalba guda a tsoka. Amai da fushi suna wucewa.

Abu biyu ne nalokson ba ta iyawa. Ba ta taɓa rochi ko diyazifam ko giya, shi ya sa mai haɗi zai iya dawo da numfashi amma ya ci gaba da magagi. Ba ta kuma tsayar da jijjigar tramol, tunda ba ta kwaɗon miyu take zuwa ba. Wannan a asibiti ake tsayar da ita da allurar diyazifam, ana lura da numfashi.

Idan aka sake samun wani a wannan halin, ga abin da za a yi. A kira sunansa da ƙarfi, a murza ƙashin tsakiyar ƙirjinsa da gaɓɓan yatsu. In bai motsa ba, a duba ido, a ƙirga numfashi na minti ɗaya. Wani ya kira 112 ko 767, lambobin gaggawa na Jihar Legas, amma kun san cunkoson garin nan, in akwai keke ko mota da asibiti kusa kada a tsaya jira. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓa a karkata kai baya, a cire abin da ke baki. Idan numfashin ya yi ƙasa da 8 ko ya tsaya, a toshe hanci a hura masa iska baki da baki, sau ɗaya kowace daƙiƙa 5 zuwa 6, ana kallon ƙirji yana tashi. Wannan hurawar ita kaɗai tana iya riƙe rai har a isa asibiti ko da babu allura, kuma a ci gaba da yi a cikin mota. In babu alamar bugun zuciya, a fara danna ƙirji. In yana numfashi da kansa, a juya shi kan gefensa don kada amai ya shiga huhu. Kada a ɗura masa madara, manja, ruwan gishiri ko tsamiya. Wanda ya suma ba ya iya haɗiya, abin huhu zai tafi. Kada a sheƙa masa ruwan sanyi a bar shi, kada a kulle shi a ɗaki don gudun abin kunya. A ɗauki kwalin ko kwalbar da ya sha a tafi da ita, a faɗa wa likita gaskiya.

Sai tambayarka ta ƙarshe. Naltirekson ita ma shiga kwaɗon take ta zauna ba ta juya ba, sai dai ita ana haɗiye ta, kuma ƙwaya ɗaya mai miligiram 50 tana toshewa na tsawon awa 24. Akwai allurarta mai miligiram 380 da ke kai wata guda. An amince da ita a Amurka a 1984 don masu barin dangin ofiyom, a 1994 kuma don masu barin giya. Sharaɗinta shi ne mutum ya yi kwana 7 zuwa 10 bai taɓa ko ƙwaya ɗaya ba kafin ya fara. Idan ka zuba wa ƙanenka alhali tramol na jikinsa, ciwon da ya tashi da shi a asibiti zai dawo, amma a maimakon awa ɗaya zai iya yin yini biyu yana amai da gudawa har ruwan jikinsa ya ƙare, ya ruɗe, kuma babu mai iya cire ta daga jikinsa. Mafi muni, tunda bai san dalili ba, zai ƙara yawan ƙwaya don ya sami sauƙi. Fuskar tramol ta biyu ba a toshe take ba, sai jijjiga ta kama shi. In kuma naltirekson ta sauka alhali jininsa cike yake, numfashi ya tsaya. Ko ga wanda ya yarda da kansa, sai an gwada lafiyar hantarsa, kuma ya riƙa yawo da takardar da ke nuna yana shan ta, domin in ya yi haɗari mofin ba zai rage masa zafi yadda aka saba ba. Kafin tiyata akan dakatar da ita kwana 3.

Ciwon rashin ƙwaya ba ragwanci ba ne, ba kuma ƙarya yaron ke yi ba. Jijiyoyin da aka daɗe ana dannewa sun ƙara ƙarfin kansu don su daidaita, da aka ɗauke nauyin sai su zabura. Ga masu gajeren aiki irin kodin, alamun na farawa cikin awa 8 zuwa 24: hamma, hawaye, majina, tashin tsigar jiki, murɗar ciki, rashin barci. Suna tsananta a kwana na 2 da na 3, su lafa cikin mako guda ko kwana 10. Tramol yakan ƙara da fargaba, ruɗewa da jin kamar lantarki na ratsa jiki, don haka a hankali ake rage shi a ƙarƙashin likita, ba a yanke shi dare ɗaya. Ɗaure mutum da sarƙa ba ya gyara ko ɗaya daga cikin wannan.

Akwai kuma magungunan da ke tsakiya. Bufrenofin yana riƙe kwaɗon da ƙarfi amma rabi kawai yake juyawa, sai ya kashe ƙishirwar ƙwaya ba tare da danne numfashi sosai ba. Shi ma in aka fara shi da wuri yana ture wanda ke ciki ya tayar da ciwo, shi ya sa ake jira alamun rashin ƙwaya su bayyana tukuna. Metadon yana juya kwaɗon gaba ɗaya amma yana daɗewa, ana sha sau ɗaya a yini a gaban ma'aikaci, kuma haɗarinsa yana kwanakin farko saboda taruwa yake a jiki. Waɗannan biyun su ne bincike ya fi nuna suna rage mutuwa a cikin masu dogon kamu. Penta kuwa, wadda ta kama mutane da yawa cikin masu sikila, tana juya kwaɗon kafa ne ta ɗan tare miyu, shi ya sa ba a haɗa ta da mofin, kuma yawan yin ta a wuri ɗaya yana kashe tsoka ya bar gyambon da ba ya warkewa.

Kada wannan bayanin ya sa a ji tsoron mofin a hannun likita. Mai ciwon daji ko mai sikila a lokacin tashin ciwo yana da haƙƙin a rage masa azaba, kuma ana yin haka lafiya idan an auna, an lura da ƙodarsa, nalokson kuma tana kusa. Hana shi saboda tsoro zalunci ne.

Ka zauna da ƙanenka a lokacin da yake cikin hayyacinsa, ka gaya masa abin da ya faru da shi a asibiti, domin da wuya ya tuna. Ku je sashen kula da masu shaye-shaye na Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba, ko sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, LUTH a Idi-Araba ko LASUTH a Ikeja. Ku faɗi nawa yake sha a yini, mai miligiram nawa, tun yaushe, da me yake haɗawa, da ko ya taɓa jijjiga. Rochi ma ba a yanke shi kwatsam ga wanda ya saba, yana kawo jijjiga, don haka dole likita ya san da shi. Ka tambayi likitan ya rubuta muku nalokson ku ajiye a ɗaki, ya nuna muku yadda ake yin ta a cinya. Za ku fi buƙatarta bayan ya daina, domin juriyar jikinsa na sauka cikin 'yan kwanaki, kuma in ya koma ya sha adadin da ya saba a da bayan mako biyu da bari, wannan adadin ya isa ya tsayar masa da numfashi. A watannin farko kada a bar shi yana kwana shi kaɗai.